Amanar Dzarma Ta Ƙi Tashi

Ajimi mai wankin hula bai iya tuƙi ba. Ko keke bai taɓa hawa ba tun da aka haife shi, in kuwa ya shiga Keke Napep hannu bibbiyu yake riƙe ƙarfe yana salati har a sauke shi. Amma duk wanda ya leƙa gidansa a unguwar Dala ta Maiduguri, abin da zai fara cin karo da shi mota ce, zaune daram tsakanin murhun matarsa Siddiƙa da turken awaki. Motar ma ba irin ta kowa ba. 'Yar ƙarama ce ƙirar Ingila, kore mai duhu, kujeru biyu kacal, ba ta da rufi sai wani tanti da ake ja a rufe, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, sitiyarinta kuma a hannun dama irin na zamanin da. Ta girmi duk 'ya'yan gidan, kuma ta fi kowa a gidan cin wuri.

Ba tasa ba ce. Wannan shi ne abin da Ajimi yake fara gaya wa kowa, tun kafin a tambaye shi, da murya irin ta wanda ya gaji da faɗa. Ta maƙwabcinsa ce, Malam Dzarma, mutumin wajen Biu, tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi. Katanga ɗaya ta raba su tun suna da baƙin gashi. Dzarma ya sayi motar ne a hannun wani Bature da ya gama aiki zai koma ƙasarsu, ya yi ta yawo da ita a Maiduguri yana riƙe hula da hannu ɗaya kada iska ta ɗauke. Hular kuwa Ajimi ke wanke ta. A bakin wannan wanki suka saba, suka yi musu a kan komai, daga siyasa har farashin taki, kowa yana ganin ɗan uwansa taurin kai zai kashe shi.

Da gari ya rikice, a shekarun nan da ake rufe ƙofa tun la'asar, Dzarma ya kwashi iyalinsa zai tafi Jos. Motar ba za ta iya wannan hanya da kaya ba, barinta kuma a gidan da ba kowa daidai yake da zubar da ita. Sai aka fasa katangar Ajimi aka turo ta ciki, aka maye gurbin da ƙofar langa-langa.

"Ka riƙe min ita," in ji Dzarma. "Duk Juma'a ka tayar da ita ta yi ɗumi. In ƙura ta lafa zan zo in ɗauka. Ba zai wuce 'yan watanni ba."

Ya nuna masa yadda ake tabbatar giya ba ta ciki, yadda ake jan wani ɗan maɓalli, yadda ake murɗa makulli. Iyakar ilimin Ajimi a kan mota ke nan har yau. 'Yan watannin Dzarma kuwa suka haifi shekara, shekara ta haifi wata, har aka wuce goma aka daina lissafi.

Sai an san Ajimi kafin a gane irin azabar da ya ɗora wa kansa. Mutum ne da huluna ɗari za su taru a gabansa, zanna da ƙube da bama, ya jiƙa, ya goge da burushi, ya sa sitaci, ya ɗora kowace a kan katakonta a rana, kuma bai taɓa miƙa wa wani hular wani ba. Allura in aka manta a jikin hula, sai ya bi mai ita da ita har gida. Abin da aka ba shi ajiya, yadda ya karɓa haka yake mayarwa, ko ƙasa za ta tsage. Mutane suna yabonsa a kan haka, matarsa kuwa ita ke zaune da abin.

"Baban Lubna," takan ce, "wurin nan da ɗaki ne da tuni mun sa ɗan haya. Ni in zan shanya wanki sai na zagaya, in zan ɗauko itace sai na zagaya. Ƙuguna duk ya ƙare a jikin wannan ƙarfe."

"Ai ni ma ba so nake ba," in ji shi. Kuma gaskiya yake faɗa. Babu wanda ya kai shi tsine wa motar. Yana share ta yana mita, yana korar awaki daga kanta yana mita, yana sayo mata fetur a jarka yana kiran sunan Dzarma da abin da ba za a maimaita ba. Angwaye sun zo roƙon a ba su ita su ɗauki hoto, ya kore su. Wani mai babbar riga daga Abuja ya zo zai saya, ya zauna ya sha shayi, ya tashi hannu wofi. Shekarar da ruwa ya ci gari, bai iso layinsu ba, amma 'yan uwa sun cika gidan har ana kwana a zaure, wani ƙanen Siddiƙa ya ce bari ya kwanta a kujerar motar. Har yau ba sa gaisawa sosai.

Dzarma kan kira lokaci-lokaci. Bayan gaisuwa da tsokana, tambayar ɗaya ce: "Yaya mutuniyar?" Amsar ma ɗaya ce: "Tana nan ta tare min gida. Bugu ɗaya take tashi. Ka zo ka kwashe tsiyarka." Burin Ajimi a duniya, bayan cikawa da imani, shi ne ranar da zai miƙa makullin nan, motar ta tashi da kanta, ta fita daga gidansa da ƙafarta yadda ta saba, ba wanda ya tura, ba wanda ya ja.

To, sai ga kiran da aka daɗe ana jira. Othniel ne, babban ɗan Dzarma, ya ce ƙarshen wata zai kawo Baba Maiduguri. Ajimi ya ajiye waya ya ce alhamdulillahi sau ba adadi. Siddiƙa ta fara auna wurin da ido tana zancen bulo. Juma'a ta zagayo, ya shiga motar da nishaɗin da bai taɓa shiga da shi ba, ya ja maɓalli, ya murɗa makulli.

Ƙwal.

Ya sake murɗawa. Ƙwal. Daga nan ko ƙwal ɗin ma ta daina. Ya zauna hannunsa a kan makulli, ransa ya ɓaci ƙwarai, don shi a ganinsa wannan ba lalacewa ba ce, wulaƙanci ne. Duk shekarun nan ba ta ga ranar mutuwa ba sai da ta ji mai ita na tafe.

Aka kirawo Ba'ana mai rewaya, wanda ke da rumfa a bakin titin Damboa. Ba'ana mutum ne da ke cewa "An gama!" tun kafin ya ga abin da za a gama. Ya shigo da wayoyi a wuya, ya gwada batir ya ce ƙalau, ya kwanta a ƙasa ya kutsa rabin jikinsa ƙarƙashin motar yana nishi, ya fito da wani baƙin ƙarfe mai nauyi, duk ya daskare da baƙin mai da ƙasa.

"Ba Ajimi, kik ne ya mutu," ya ce, yana sa masa "Ba" ɗin girmamawa irin na Barebari. "Shi ne ɗan injin da batir ke juyawa, shi kuma ya juya babban. In babu shi, sai turi. An gama, bari in tafi da shi rumfa."

"Ba inda za ka da shi. Ko noti ba zai fita daga gidan nan ba. Nan za ka yi aikinka ina gani."

Ba'ana ya dube shi, ya dubi Siddiƙa, ta ɗaga masa kafaɗa. Sai ya zauna a kan turmi ya jera hanyoyi uku. Ko a aika Ingila a kawo sabo, ko a samo na motar Japan a gwanjo a daidaita shi, ko a farke wannan a sake naɗa masa waya.

Ajimi ya ce a aika Ingila. Abin Ingila sai na Ingila. Ba'ana ya kira wani abokinsa mai odar kaya ta waya, aka zo aka yi ta tura hotuna. Ashe a can ma ba iri ɗaya ba ne: akwai mai nauyi irin na da, akwai ƙarami mai walƙiya da aka ce ya fi ƙarfi, kuma kowanne sai an faɗi shekarar motar da yawan haƙoran da zai kama. Ajimi ya sa tabarau yana duban hotunan, duk sun zame masa abu ɗaya. Da ya gaji ya nuna mai nauyin, sai mai odar ya ce to, in Allah ya so zai iso bayan babbar salla, in bai maƙale a hanya ba, in kuma ya zo bai shiga ba babu mayarwa. Babbar salla kuwa tana can gaba, kafin nan Dzarma ya zo ya tafi.

"Me ya sa ba ka faɗa tun farko ba?" in ji Ajimi.

"Ai ba ka tambaya ba, Baba."

Washegari Ba'ana ya dawo da na Japan a cikin buhu, fes da shi. Ya kutsa ya gwada, ya fito yana murmushi. "An gama. Rami ɗaya ne bai hau ba. Zan ɗauko injin huji in ɓula nan kaɗan, shi ke nan."

"Ka ɓula ina?"

"Jikin ƙarfen da yake zama. Ɗan kaɗan. Wa zai gani? Ƙarƙashin mota ne."

Ajimi ya miƙe tsaye. Ya ce shi aka ba wa mota lafiyayya, ba zai mayar da ita da huji ba, kuma ba zai cusa wa motar Ingila kayan Japan a ciki mai ita bai sani ba. Ba'ana ya ce to batir fa, ai ya canza mata batir ya fi a ƙirga. Ajimi ya ce batir da fetur abincinta ne, mai ita da bakinsa ya ce a riƙa ba ta, kik kuwa gaɓar jikinta ce. Siddiƙa daga bakin murhu ta ce abin da kowane mai hankali zai ce:

"Ka kira mutumin nan ka tambaye shi mana! Wayar ba ga ta nan ba?"

Nan fa aka taɓo wurin da ke ciwo. Shekara da shekaru yana cewa bugu ɗaya take tashi. Yanzu ya kira ya ce ta mutu a hannunsa, ana saura 'yan kwanaki? Ya san irin dariyar da Dzarma zai yi, kuma ya san bayan dariyar zai ce, "Ba komai, bar ta kawai," irin maganar da ake yi wa wanda ya gaza. Ya ce ba zai kira ba. Siddiƙa ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tuƙin tuwonta da ƙarfin da ya fi na kullum.

Maimakon ya kira mai mota, sai ya tafi wurin limamin unguwa bayan azahar. Ya zauna ya shimfiɗa mas'alarsa dalla-dalla: mutum ne aka ba shi ajiya, wata gaɓa ta ajiyar ta mutu ba da sakacinsa ba, shin ya halatta ya musanya ta da ta wata ƙasa? Liman ya saurara, ya shafa gemu, ya ce in don a tsare dukiyar ne babu laifi, sai dai ya ajiye tsohon ya mayar wa mai shi, ya kuma gaya masa gaskiya. Ajimi ya ce hujin fa? Liman ya ce wane huji? Aka koma farko. Har aka kira la'asar suna kan huji, daga ƙarshe liman ya ce, cikin ladabi, shi fa bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, ya kamata a tambayi mai ita.

A masallacin ne wani ya ji zancen ya ce ai a Zabarmari akwai tsohuwar taraktar Ingila da ta mutu a bakin gonakin shinkafa, kuma kayan Ingila duk 'yan gida ɗaya ne. Ajimi ya bar hulunan mutane a jiƙe, abin da bai taɓa yi ba, ya ja Ba'ana suka shiga mota. Suka sha rana, suka sha tambayoyi a shingayen hanya, suka taka laka har idon sawu. Taraktar tana nan kuwa, ciyawa ta fito ta cikin sitiyarinta. Mai ita ya yi murna da baƙi, ya kawo ruwa, ya taya su kwancewa. Da kik ɗin ya fito, ya kusa kai turmin Siddiƙa girma. Ba'ana ya rungume shi yana haki, bai ce an gama ba. Suka mayar wa mutumin abinsa, suka ɗaure masa yadda suka same shi, don Ajimi ya ce ba za a bar shi a kwance ba. Suka dawo gida da ƙunshin shinkafa da aka ba su kyauta da ciwon baya.

Saura hanya ɗaya. Ba'ana ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya farke tsohon kik, Ajimi na zaune a kansa yana ƙirga duk abin da ya fita da ido. Aka sayo jan waya, aka naɗa, aka sa sabon burushi, aka mayar. Ajimi ya shiga ya yi bisimilla ya murɗa. Injin ya yi gurnani sau ɗaya, sai wani wari ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙasa. Awaki suka tsinke igiya. Ba'ana ya yi kukan kura ya fizge kan batir.

Da abin ya huce aka sake fito da shi, zafi ya sa baƙin fentin jikinsa ya kumbura ya ɓare. Ba'ana ya kankare da farce, ya kankare da wuƙa, ya tsaya. Ya ɗebo fetur ya wanke wurin, ya juya shi wajen haske.

"Ba Ajimi," ya ce a hankali, "wannan fa na Japan ne."

"Wanne?"

"Wannan. Tsohon. Ga tambarinsu nan. Na tsohuwar a-kori-kura ne, irin ta 'yan kifin Baga. Fenti aka shafa masa." Ya sake kutsawa ƙarƙashin motar da tsumma, ya goge, muryarsa ta fito daga can: "Har farantin ƙarfe aka yanka masa aka ɗaura don ya zauna. Tsohon aiki ne. Wallahi tun ranar farko na so in ce cikinsa ya yi min kama da wanda na sani."

Da Ajimi mai duka ne, da ranar Ba'ana ya sha. Odar Ingila, zaman liman, lakar Zabarmari, hulunan mutane da suka kwana a ruwa, duk a kan tsare mutuncin abin da tun asali ba na Ingila ba ne. Siddiƙa ta shige ɗaki, ana jin dariyarta ta cikin labule.

Amma fushin bai daɗe ba wani abu ya danne shi, tsoro. In Dzarma bai san da wannan ba fa? In Baturen ne ya yi, ko wani bakanike ya yi masa wayo tun da can? Zai zo ya tarar da kayan Japan a motarsa, sabo da tsoho, bayan ta shekara goma da ɗoriya a gidan Ajimi. Wa zai ce ba a nan aka cire na asalin aka sayar ba? Kwana biyu abinci bai yi masa daɗi ba.

Irin kik ɗin kuwa, da Ba'ana ya shiga kasuwar kayan gyara da tsohon a hannu, Ajimi na biye da shi, a shagon farko ya same shi rataye yana jiran mai saye. Ya hau farantin ba huji ba gardama. Ajimi ya murɗa makulli, motar ta tashi tun kafin ya gama bisimilla. Bai yi murmushi ba. Ya nannaɗe ƙonannen a cikin buhu ya ajiye a ƙarƙashin gadonsa.

Ranar da suka zo, da hantsi ne. Motar Othniel ta tsaya a ƙofa, ya zagayo ya buɗe wa mahaifinsa, ya tallabo shi. Ajimi ya fito da saurinsa da maganganun da ya tanada, sai ya yi turus. Dzarma da ya sani ƙato ne mai cika ƙofa. Wannan tsoho ne da sanda, hannunsa na dama a lanƙwashe a ƙirji, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Ba wanda ya gaya masa. Ashe Dzarma ma akwai abin da yake ɓoyewa a waya.

"Wushe, Ajimi," in ji Dzarma da gaisuwar Barebari, bakinsa ya ɗan karkace. "Ka tsufa."

"Lale. Kai kuma ka zama saurayi." Ya kai hannu ya cire hular da ke kan Dzarma, ya juya ta, don ya sami inda zai sa idonsa. "Wane mugun ne ya wanke maka wannan? Ya kashe ta. Mutanen Jos ba su da tsoron Allah."

Aka shimfiɗa tabarma kusa da motar, aka kawo wa Dzarma kujera. Siddiƙa ta gaishe shi ta tambayi iyali, ta kawo kunu. Ajimi bai iya jira ba. Ya shiga ya fito da buhun, ya ajiye a gabansa, ya tsaya kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Ya faɗi komai, tun daga ƙwal ɗin farko har zuwa fentin da ya ɓare. Ya rantse da Allah yadda ya same shi ke nan, bai cire ba, bai musanya ba, bai sayar ba.

Dzarma ya leƙa buhun. Kafaɗunsa suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace masa, har Othniel ya karɓe kofin kunun kada ya zube.

"Ni na sa shi! Na Ingilan ya mutu tun Othniel yana goye. Ni na sa aka yanka farantin, ni na shafa fentin da hannuna, don kada abokai su ce motata ta zama rabi da rabi. Har Zabarmari ka je? Ajimi, me ya hana ka ɗaga waya?"

"Kai me ya hana ka faɗa min ranar da ka ba ni?" Muryar Ajimi ta tashi har maƙwabta suka leƙo. "Ka bar ni ina gadin ƙaryarka! Na je gaban liman a kan ƙaryarka!" Ya shige motar a fusace, ya ja maɓalli, ya murɗa. Ta tashi nan take, ƙararta ta cika gidan. Dzarma ya daina dariya. Ya rufe ido ya saurara, hannunsa mai lafiya a kan murfin injin, ya daɗe a haka.

Ajimi ya kashe, ya fito, ya miƙa makulli. "Ga amanarka. Na sauke. Othniel ya buɗe ƙofar nan ya fitar da ita. Masu hayar da aka sa a gidanka kuma sai ka ba su lokaci, don rufin ɗakin baya yana yoyo, sai an gyara kafin ku shiga."

Dzarma bai karɓa ba. Ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi ƙasa.

"Na sayar da gidan, Ajimi. Abin da ya kawo ni ke nan. Likitocina suna can, jikoki suna can. Wannan hannun kuma ba zai sake riƙe sitiyari ba." Ya nuna motar da haɓa. "Taka ce. Na ba ka, halak malak. Ka sayar wa mutumin Abuja, ka gina wa Hajiya ɗakinta. Ka sha wahalarta, ka ci moriyarta."

Abin da Siddiƙa ta yi shekaru tana roƙo ke nan, amma ko motsi ba ta yi ba. Mijinta take kallo. Shi kuwa sai a lokacin ya gane cewa duk mitar da yake yi, muddin ƙarfen nan yana tare masa gida, to Dzarma yana hanya, kuma wata rana za a sake leƙowa ta kan katanga a tsokane shi. Baƙin ciki ya kama shi, kuma da yake bai saba da shi ba, sai ya fito masa a fushi.

"Ban karɓa ba."

"Ajimi."

"Na ce ban karɓa ba! Kyauta sai an karɓa take zama kyauta, je ka tambayi kowa. Ajiya ka ba ni, ka ce in ƙura ta lafa za ka zo ka ɗauka. Ga gari nan ya zauna, mutane suna ta dawowa. In yau ba ka shirya ba, ka je ka shirya."

"Ba zan dawo ba, ɗan uwana. Ka dube ni mana."

"Ban ji ba," in ji Ajimi, ya juya masa ƙeya yana goge gilashin da ba datti.

Suka ci abinci ba wata hira. Othniel ya yi ta ƙoƙarin jawo zance, ba wanda ya kama masa. Da rana ta fara yin sanyi ya ce su tafi, masaukinsu da nisa kuma gobe da sassafe za su kama hanya. Ajimi ya riƙe Dzarma ta gefe ɗaya har bakin mota, ya sa masa ƙafar da ba ta jin magana a ciki, ya gyara masa riga kada ƙofa ta kama. Ya sake tura masa makullin ta taga. Dzarma ya damƙe hannun Ajimi da makullin a ciki, ya matse, ya mayar masa da shi waje.

Mota ta ja. Ajimi ya biyo ta taku kaɗan yana ɗaga murya, duk layin na ji:

"Kafin Kirsimeti ka zo ka kwashe tsiyarka! Ka ji ko? Ni na gaji!"

Hannu ɗaya ya fito ta taga ya tsaya a sama har suka sha kwana.

Ajimi ya koma ciki. Siddiƙa tana tattara kwanuka. Duk abin da aka faɗa a kunnenta aka faɗa, amma ta tambaye shi ba tare da ta ɗago ba:

"Yaushe ya ce zai zo ya ɗauka?"

Mutumin da bai taɓa riƙe allurar wani ba ya share ido da hannun riga.

"Ya ce zai zo," in ji shi.